Sukarina Bai Kai Na Ciwo Ba, Shin Zuciyata Ta Tsira?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne mai shekara 47, kuma aikina na zama ne tun safe har yamma. A watan jiya yawan kasala ya kai ni asibiti, aka yi mini gwaje-gwaje. Sukarin jinina na safe, kafin in ci komai, ya nuna 112, gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin jini na watannin baya, kuma ya nuna 6.1. Awon jinina 138 bisa 88 ne, maiƙon jini da ake kira tiraigilisaraid ya kai 190, HDL, wato maiƙon jini mai amfani, kuma 36. Likita ya ce ban kamu da ciwon sukari ba tukuna, amma ina bakin ƙofa. Mahaifina ya yi fama da ciwon sukari, kuma bugun zuciya ne ya yi ajalinsa yana da shekara 54. Hankalin maiɗakina ya tashi, shi kuwa yayana cewa ya yi tunda ba a ce ciwon ba ne, in daina sa wa kaina damuwa. Na daina zuba sukari a shayi, sigari kuma na rage zuwa kara uku a rana. Shin zuciyata tana cikin haɗari, kuma abin da na yi ya wadatar?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya kyautata makwancinsa. Zan fara da abin da ya fi damun ka ba tare da kwana-kwana ba: maiɗakinka ta fi yayanka gaskiya a wannan magana, kuma abin da ka yi, duk da cewa somin alheri ne, bai wadatar ba. Sai dai ba na so ka karanta wannan amsa a matsayin sanarwar mugun labari, domin mutumin da aka gano halin da jikinsa yake ciki a wannan mataki yana da damar da mahaifinka mai yiwuwa bai samu ba.

Yayanka yana kallon ciwon sukari kamar katanga ce, wanda yake wannan gefen lafiya lau yake, wanda ya tsallaka shi ne mara lafiya. Lallai likitoci sun ja layi, saboda dole a samu inda za a tsaya a ce an tabbatar da ciwo. Sukarin safe da ya kai 126 ko ya wuce, ko HbA1c da ya kai 6.5, shi ake kira ciwon sukari idan an maimaita gwajin ya sake nuna haka. Daga 100 zuwa 125, ko HbA1c daga 5.7 zuwa 6.4, shi ne bakin ƙofar da likitanka ya ambata, kodayake Hukumar Lafiya ta Duniya daga 110 take fara lissafin nata, kuma ko da wane ma'auni aka duba, kana ciki. Amma jijiyoyin jininka ba su san da wannan layi ba. An fi dogara ne da matakin da lahanin ƙananan jijiyoyin ido yake fara yawaita wajen zaɓar waɗannan lambobi, su kuwa manyan jijiyoyin da ke ciyar da zuciya da ƙwaƙwalwa da ƙafafu, haɗarinsu yana hauhawa ne sannu a hankali tun kafin mutum ya isa layin.

Domin ka gane dalili, sai mu koma ga insulin. Duk jinin da ke jikin baligi, wanda ya kai kimanin lita biyar, ba ya ɗauke da sukarin da ya wuce giram huɗu zuwa biyar idan mutum bai ci abinci ba, wato kusan cikin ƙaramin cokalin shayi guda. Alhali kuwa a cin abinci ɗaya mutum yana iya zuba wa jikinsa ninkin wannan sau ashirin, domin duk abinci mai sitaci sukari yake komawa bayan ya narke. Wata halitta da ke kwance a bayan tumbi, wadda ake kira fankiriyas, ita ke fitar da sinadarin insulin, shi kuma ya umurci tsoka da kitse su karɓi sukarin daga jini, ya umurci hanta ta dakatar da wanda take fitarwa. Tsoka ce ke kwashe kaso mafi girma. Idan kitse ya taru a cikin ciki, ya kewaye hanji ya kuma shiga hanta, tsoka kuma ta daɗe ba a mora ta ba, sai waɗannan gaɓoɓi su fara yi wa insulin kunnen ƙashi. Wannan shi ne bijirewar jiki ga insulin. Fankiriyas ba ta da wata dabara illa ta ɗaga murya, wato ta ƙara yawan insulin ɗin da take fitarwa, kuma tana iya yin shekara goma ko fiye tana wannan fama, sukarin yana fitowa daidai a gwaji, mutum yana zaton lafiyarsa ƙalau. Lambar 112 da ka gani alama ce ta cewa fankiriyas ɗinka ta fara gazawa a aikin da ta daɗe tana yi a ɓoye.

Sanin wannan ba sabon abu ba ne. Tun a 1936 wani likita ɗan Ingila, Harold Himsworth, ya nuna cewa masu ciwon sukari iri biyu ne, waɗanda ba su da insulin da waɗanda jikinsu ba ya jin sa. A 1988 kuma Gerald Reaven na Jami'ar Stanford da ke Amurka ya jawo hankalin likitoci ga cewa bijirewa ga insulin ba ta tafiya ita kaɗai, tana zuwa ne da 'yan rakiya: hawan jini, hawan tiraigilisaraid, da saukar HDL. A yau ana duba abubuwa biyar, duk wanda ya haɗa uku a ce yana da wannan tarin matsala. Sukarin safe 100 ko sama, kai kana da 112. Awon jini 130 bisa 85 ko sama, kana da 138 bisa 88. Tiraigilisaraid 150 ko sama, kana da 190. HDL ƙasa da 40 ga namiji, kana da 36. Huɗu ke nan tun ba mu auna ƙugunka ba, wanda shi ne na biyar. Na tsaya na jera maka su ne domin ka ga cewa takardar gwajinka labari ɗaya take bayarwa, alhali kai lamba ɗaya kaɗai ka riƙe daga ciki.

Yanzu ka kwatanta a ranka jijiyar da ke kai wa tsokar zuciyarka jini. Faɗinta bai wuce milimita uku zuwa huɗu ba, kamar tsinken shan lemo siriri. Cikinta a shafe yake da shimfiɗar ƙwayoyin halitta mai santsi, kaurin ƙwaya ɗaya tak, kuma wannan shimfiɗa tana fitar da wata iska da ake kira naitirik oksaid, wadda ke sa jijiyar ta saki jiki ta buɗe, ta kuma hana ƙwayoyin jini manne wa bangonta. Gano aikin wannan iska ne ya sa aka ba masana uku lambar yabo ta Nobel a 1998. A jikin mai lafiya insulin yana cikin masu zaburar da fitar wannan iska. Abin takaicin shi ne, idan jiki ya bijire wa insulin, wannan hanya mai amfani ce take toshewa, amma wata hanyar da insulin yake bi ya sa jijiya ta tsuke, ya sa ƙwayoyin bangonta su yi kauri, ita tana nan a buɗe, ga kuma insulin ɗin ya yi yawa a jini. Sai a wayi gari mai gyara ya yi rauni, mai ɓarna ya samu ƙarfi. Yawan insulin yana kuma sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, abin da ke taimakawa wajen hawan jini, kuma kowace bugawar zuciya sai ta daki wannan shimfiɗa da ƙarfin da ya wuce kima.

Ita ma hanta tana da nata laifin. Kitsen ciki da ba ya jin insulin yana ta kwararo mata maiƙo, ita kuma ta ɗure shi ta turo cikin jini, shi ya sa tiraigilisaraid yake hawa. Daga nan HDL, wanda aikinsa kwaso kwalastarol, wani nau'in maiƙon jini, ne ya mayar hanta, sai ya ragu, ƙwayoyin LDL, masu ɗauke da kwalastarol mai cutarwa, kuma su koma ƙanana masu nauyi, irin waɗanda suka fi saurin kutsawa ƙarƙashin shimfiɗar jijiya su maƙale. Saboda haka ana iya cewa mutum jimillar kwalastarol ɗinsa bai yi yawa ba, alhali irin wanda yake da shi mai cutarwa ne. Idan suka maƙale, fararen ƙwayoyin jini sukan bi su ciki su haɗiye, su kumbura su mutu a wurin, a hankali wani tudu mai kama da ƙurji ya tsiro a cikin bangon jijiyar, da maiƙo a ciki da 'yar fata a sama.

Sai a wannan gaɓa ne shi sukarin kansa yake shigowa. Idan ya yi yawa yakan liƙe wa sinadaran gina jiki, kuma gwajin HbA1c da aka yi maka ba komai yake aunawa ba illa yawan sukarin da ya liƙe wa jajayen ƙwayoyin jininka a cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Yadda yake liƙe musu haka yake liƙe wa bangon jijiyoyi, ya sa su ƙage su rasa laushinsu, ya rura kumburin da ke cikin tudun nan. Bugu da ƙari, jinin mai wannan matsala ya fi saurin daskarewa, jikinsa kuma ya fi jinkirin narkar da gudan jini. Yawancin bugun zuciya ba ya faruwa saboda jijiya ta cike a hankali har ta rufe. Fatar tudun ce take fashewa rana ɗaya, jini ya daskare a kai cikin mintuna, hanya ta toshe. In a zuciya ne a ce bugun zuciya, in a ƙwaƙwalwa ne a ce shanyewar ɓarin jiki.

Girman haɗarin sananne ne. Binciken garin Framingham na Amurka, wanda aka fara a 1948, ya nuna tun a 1979 cewa ciwon sukari yana ninka haɗarin cututtukan zuciya da jijiyoyi kusan sau biyu ga maza, sau uku ga mata. A 2010 aka tattara bincike 102 da suka ƙunshi mutum kusan 700,000, sakamakon ya sake tabbatar da ninki biyun. Ga wanda yake bakin ƙofa irinka, ƙarin da sukari shi kaɗai yake jawowa bai kai haka ba, kuma ba zan zuzuta shi ba. Abin da ya sa naka ya fi nauyi shi ne haɗuwar 'yan rakiyar nan, da sigari, da kuma rasuwar mahaifinka kafin ya cika shekara 55, wanda likitoci ke lissafawa a matsayin tarihin ciwon zuciya na wuri a cikin dangi.

Ka ce ka daina zuba sukari a shayi. Madalla, kada ka koma. Amma ina tsoron kada a bar jaki ana dukan taiki. Akwai wani darasi da likitoci suka koya da tsada. A binciken ACCORD, wanda ya ƙunshi masu ciwon sukari 10,251 a Amurka da Kanada, an ƙoƙarta saukar da HbA1c na rabinsu ƙasa da 6 ta hanyar tara magunguna, sai a 2008 aka dakatar da wannan ɓangare saboda mace-mace sun fi yawa a cikinsu. A gefe guda, wani ƙaramin bincike a Denmak mai suna Steno-2 ya ɗauki mutum 160 kawai, aka kula da rabinsu ta kowace fuska, wato sukari da hawan jini da maiƙon jini da sigari da motsa jiki, kuma cikin kusan shekara takwas cututtukan zuciya da jijiyoyi suka ragu da kusan rabi. Da aka bi su har shekara 21, an samu bambancin kusan shekara takwas a tsawon rai. Wannan ba ya nufin saukar da sukari ba shi da amfani, domin babban binciken UKPDS na Birtaniya ya nuna cewa waɗanda aka kula da sukarinsu tun farkon ciwo sun samu raguwar bugun zuciya shekaru da dama daga baya. Ma'anarsa ita ce mai son kare zuciyarsa ba ya zura wa lamba ɗaya ido.

A ganina, abu na farko da ya kamata ka yi ba ma a kan sukari yake ba. Ka bar sigari gaba ɗaya. Na san kara uku yana kama da ci gaba, amma wani nazari da aka buga a 2018, wanda ya tattara bincike 141, ya gano cewa mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciyar mai shan kara ashirin. Hayaƙi kaɗan ya isa ya raunata shimfiɗar nan ya kuma sa jini ya yi danƙo. Idan bari ya gagara, ka faɗa wa likita, akwai magungunan da ke taimakawa, kuma neman su ba abin kunya ba ne.

Na biyu, ka auna ƙugunka a daren nan. Ka ɗauki zare, ka yanke shi daidai tsawonka daga tafin ƙafa zuwa tsakiyar kai, ka ninka shi biyu, sannan ka zagaya shi a cikinka tsakanin ƙasan haƙarƙari da saman ƙashin ƙugu, bayan ka fitar da numfashi ba tare da ka tsuke ciki ba. Idan bakin zaren biyu ba su haɗu ba, ƙugunka ya wuce rabin tsawonka, kuma kitsen da muke magana a kai yana nan. Ka roƙi maiɗakinka ta duba maka bayan wuya da hammata ma, domin wani duhu mai laushi da ba ya fita da wanka yakan bayyana a wurin idan insulin ya yi yawa, mutane su ɗauka dauɗa ce.

Labari mai daɗi shi ne, wannan kitse yana cikin na farkon da ke narkewa. A wani bincike a Amurka da aka buga a 2002, an raba mutum 3,234 da ke bakin ƙofa kamarka rukuni-rukuni. Waɗanda aka sa wa burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, tare da motsa jiki na minti 150 a mako, kamuwarsu da ciwon sukari ta ragu da kashi 58 cikin 100, waɗanda aka ba maganin metfomin kuwa da kashi 31. Idan nauyinka kilo 90 ne, kilo shida da ɗoriya ake magana. Wanda ya fi dacewa da tambayarka shi ne binciken garin Da Qing na ƙasar Sin, inda a 1986 aka ɗauki mutum 577, aka koya wa wasunsu gyaran abinci da motsa jiki na shekara shida kawai. Bayan shekara 30 aka tarar mutuwa ta dalilin cututtukan zuciya da jijiyoyi ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a cikin waɗanda aka koya wa gyaran.

Minti 150 ɗin nan tafiya ce ta sauri, irin wadda kana iya magana amma numfashinka ya ɗan hau, rabin awa a rana sau biyar a mako. Tsokar da ke aiki tana zuƙar sukari daga jini ko da insulin bai umurce ta ba, kuma bayan an gama tana ci gaba da jin insulin sosai na kwana ɗaya zuwa biyu, shi ya sa ba a so a jera kwanaki ba a motsa ba. Tunda aikinka na zama ne, ka riƙa miƙewa kana ɗan zagayawa duk bayan rabin awa, ka kuma yi tafiyar minti goma bayan babban cin abinci. Ta fuskar abinci, abin sha mai zaƙi, na kwalba ne ko na kwali, shi ne na farkon da za ka sallama. Sannan ka rage yawan sitacin da aka tace ya yi fari, ka ba ganye da kayan lambu rabin faranti, ka yawaita dangin wake da hatsin da ba a cire dusarsa ba, ka rage gishiri da soye-soye. Ba na ba ka shawarar yunwatar da kai, domin tsarin da ba za ka iya riƙewa shekara biyar ba bai da wani amfani.

Sai magani. Ka koma wurin likitanka, ka tambaye shi nawa ne LDL ɗinka, tunda ba ka ambace shi ba, ka kuma roƙe shi ya lissafa maka haɗarin ciwon zuciya na shekara goma masu zuwa, yana sane da sigari da tarihin mahaifinka. A nemi gwajin ƙoda da na fitsari, a kuma maimaita awon jini sau da yawa a ranaku daban-daban. Idan ya ce ka fara maganin maiƙon jini na dangin sitatin, kada ka ƙi don ka ji an ce yana ɗan ɗaga sukari. Gaskiya ne yana yi kaɗan ga wasu, amma duk saukar LDL da miligiram 39 yana rage manyan cututtukan jijiyoyi da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma ga mai haɗari irinka ribar ta rinjayi hasarar. Asfirin kuwa kada ka fara shi da kanka, yana iya jawo zubar jini a ciki. Idan kana da ƙarancin jini ko kana ɗauke da jinin sikila, ka sanar da shi, domin hakan yana iya karkatar da sakamakon HbA1c. Kasalar da ta kai ka asibiti ma kada a manta da ita: in maiɗakinka ta ce kana munshari mai ƙarfi har numfashinka yana ɗaukewa cikin barci, wannan matsala ce da ke tafiya tare da hawan jini da bijirewa ga insulin, kuma tana da magani.

Ku zauna da maiɗakinka ku san alamomin da ba a jira da su: nauyi ko matsewa a ƙirji da ya wuce 'yan mintuna, zafin da ke bin hannu ko muƙamuƙi ko baya, sarƙewar numfashi, zufa mai sanyi, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, ko harɗewar magana. A jikin wanda sukari ya taɓa wa jijiyoyin ji, bugun zuciya yana iya zuwa ba tare da ciwon ƙirji ba, sai dai gajiya ta farat ɗaya ko abin da ya yi kama da ƙwannafi. Duk wanda ya faru, asibiti za a nufa a take, ko da tsakar dare ne.

Shi kuma yayanka, uba ɗaya ya haife ku, kuma ya girme ka. Ka kai masa takardar gwajinka cikin ladabi, ka nuna masa lambobin huɗu, sannan ka roƙe shi ya raka ka asibiti idan za a maimaita maka gwaji bayan wata uku, ya tafi bai karya ba, domin shi ma a ɗebi nasa jinin.